Yadda Za Ka Shigar da Ragon Matarka Majigi Ya Fito da Wuyansa

Kai mai karatu, matso kusa. Idan Turawan majigi sun sauka a ƙasarku suna neman dabbobi, zuciyarka kuma ta fara raya maka cewa fuskarka ta isa a haska a farin ƙyalle, to ga jagora ta same ka har gida. Alkawari nake yi maka, ba inda-inda: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, dabbarka za ta shiga majigi da ƙafa huɗu ta fito da ƙafa huɗu, wuya bai yi sallama da gangar jiki ba. An gwada wannan hanya a kan mutum guda, Namadi na Fakku, kuma ta ci. Wanda ya ce mutum guda bai isa gwaji ba, ya aro mana ragon matarsa mu ƙara.

Mataki na 1: Kada ragon ya zama naka

Ragon da yake naka ba shi da wani amfani a wannan ilimi. In an yanka shi ka ci nama ka yi hamdala, magana ta ƙare. Nemi na matarka. Kowa ya san yadda abin yake a wajenmu: gona ta maigida ce, rumbu nasa ne, amma abin da ke ɗaure a turken bayan ɗaki na uwargida ne, ko kallonsa ka cika yi sai an tambaye ka dalili.

Namadi ya dace ƙwarai a nan. Matarsa Yelwa tana da rago uda, gaba baƙi ƙirin, baya fari fat, kamar an fara tsoma shi a rijiyar marina aka fasa. Sunansa Maraya, don uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi. Yelwa ta raine shi da nonon akuya a yatsa, ta kwana da shi a ɗakinta lokacin sanyi, da safe kuwa shi take fara gaisarwa kafin mijinta. Sun daɗe da aure ita da Namadi, Allah bai ba su haihuwa ba. Duk Fakku an san abin da ba a faɗa: kada ka kira Maraya dabba a gaban Yelwa.

Mataki na 2: Shirya ƙarya mai ɗan gaskiya a ciki

Ƙarya zalla kamar fura ce ba nono, ba ta wucewa a maƙogwaro. Dama ta da gaskiya kaɗan.

Ranar kasuwar Kebbe mai shela ya ba da labari cewa wani Bature ya sauka Tambuwal zai shirya majigi a kan Galadima Ɗangiwa, wani babban mai riƙon ƙasa na zamanin da can, wanda ko tsofaffi ba su daidaita a kan garin da ya zauna ba. Ba yaƙe-yaƙensa Baturen yake so ba, ba shari'o'insa ba. Zamansa na cikin gida yake so: yadda yake cin tuwo, yadda ciwon haƙori ke hana shi sukuni, da yadda ya ƙi yarda da kowane ɗan Adam sai wani ragonsa, wanda yake gaya wa asirin mulki. Ana neman rago mai kyan gani. Mai ragon kuma zai fito a majigin a matsayin baran Galadima.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta kashe Namadi. Sau ɗaya ya taɓa ganin majigi, wanda ake koya wa mutane noman auduga, kuma tun daga ranar yake cewa ya fi duk waɗanda aka haska kyan hanci.

Ya koma gida ya tsuguna kusa da turke yana murmushin da bai saba yi ba.

"Yelwa, Bature na ka son ganin Maraya. Dusa kawai za shi ci gaban akwati, a ɗauki hoto nai, mu dawo."

"Dusa kaɗai, Malam?"

"Dusa da harawa. Har wanka za a yi mai da sabulu."

Ta dube shi irin duban da ake yi wa ƙwai a kasuwa. Sannan ta kwance igiya da hannunta, ta shafa goshin ragon, ta miƙa.

"To. Amma ji nan, Malam. Da ƙafa tai ya fita gidan ga. In bai dawo da ƙafa tai ba, kai ma kak ka wahal da taka."

Riƙe wannan magana da kyau, mai karatu. Yelwa ba ta iya barazana ba, sanarwa kawai take yi.

Mataki na 3: Kada ka tambayi ƙarshen labari

Masu hankali sukan tambaya. Kai ba da su kake tafiya ba.

A Tambuwal an gyara wani tsohon gida mai zaure, an kafa akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku a tsakar gida. Baturen dogo ne ja, ba ya magana sai ta cikin wani bututun ƙarfe ko da kana gabansa, don haka gari ya sa masa Mai Bututu. Da ya ga Maraya sai ya cire hularsa ya jefa sama. Tafintansa, Malam Tambaya, ya bayyana dalili: majigi ba ya ganin komai sai fari da baƙi, ga shi Allah ya kawo rago wanda aka halitta daidai da aikin.

Malam Tambaya ya ce, "Bature shina tambaya, ka ba da ragon ga ga aiki har shi ƙare?"

Namadi yana kallon akwatin hoto yana gyara hula. Ya ce, "Na ba da!" da ƙarfi, gaban shaidu, har da ɗan doka a tsaye.

To ga wanda aka zaɓa ya fito a Galadima. Mai Bututu ya zaga Tambuwal yana neman tumbi da gemu da kwarjini, ya same su duka a jikin mutum guda a kasuwa. Sunansa Bube. Sana'arsa fawa. Mahauci ne ɗan mahauci, wanda in ya ratsa ta garke tumaki kan daina tuƙa. Aka zuba masa alkyabba, aka naɗa masa rawani, aka ce ya zauna a buzu ya rungumi rago ya raɗa masa damuwar ƙasa.

Ya rungume shi kuwa. Sai dai hannun da ya kamata ya tsaya a goshi yakan zarce ya bi gadon baya, ya matsa kwiɓi, ya ɗaga wutsiya ya auna. Namadi da ke tsaye da igiya ya ji asirin mulkin da ake raɗawa: "Kai, wanga shina da kitse."

Hikima ta farko: mahauci ko a mafarki ya ga rago, ba gaisawa suke yi ba.

Mataki na 4: Sa ido a kan zakaru

In kana son sanin makomar babbar dabba a majigi, dubi yadda ake yi da ƙanana.

Mai Bututu yana da kalmar Hausa guda ɗaya da ya iya, ita ce "Sake!" Galadima ya yi hamma ba daidai ba, sake. Ƙuda ya sauka a rawani, sake. Kaji suka ƙi tsayawa inda ake so, aka ɗaure musu ƙafa da baƙin zare a jikin ƙusa, suka wuni suna tsattsagar wuri guda kamar masu neman allura. Jakin da ke kawo wa Galadima ruwa an shafe shi da man gyaɗa don ya yi sheƙi, ƙudajen Tambuwal suka yi masa mubaya'a. Raƙumin baƙi kuwa an sa shi ya durƙusa ya tashi, ya durƙusa ya tashi, har ya gaji ya tofa wa mai juya akwati abin da ya ci jiya.

Sannan aka zo wurin da Galadima ke yanka zakara don ciwon haƙori. Bube ya yanka. Sake, hasken rana ya gushe. Aka kawo wani. Sake, Galadima ya yi saurin gwanaye, ba na sarakai ba. Aka kawo wani. Kafin la'asar unguwar nan ta yi tsit, washegari da asuba ladan kaɗai ya tashi mutane. Bube kuwa kullum yakan koma gida alkyabba ta yi nauyi.

Maraya fa? Gata sai wanda ya gani. Wanka da sabulu, lalle a ƙafa, harawa mai ganye, har lema aka ba wani ya riƙe masa, Namadi yana gefe rana na cin ƙeyarsa. Abin ya fara yi masa daɗi, daga baya ya fara damunsa. Ya ja Malam Tambaya gefe.

"Malam, wai ina labarin ga za shi ƙare?"

"Af, ba ka sani ba? Shekarar yunwa ta zo, baƙo ya sauka, babu komi gidan Galadima sai ragon da shika so. Sai shi tashi shi yanka ma baƙo. Nan ne mutane za su yi kuka."

"Yankan wasa?"

"Ka ga an yi ma zakaru yankan wasa?"

Tsoro ya kama Namadi, kunya ta biyo baya, don ya tuna wanda ya ce dusa kaɗai.

Hikima ta biyu: in ka ga ana yi wa dabbarka gatan da ba a yi maka ba, tambayi inda aka ajiye wuƙa.

Mataki na 5: Ƙarar da dabarun banza da wuri

Kowane mutum yana da rabonsa na wauta. Gara ka cinye naka tun da sauran lokaci.

Fara da roƙo. Namadi ya je gaban Mai Bututu ya faɗi. Baturen ya saurara da tausayi, ya amsa ta bututu cewa majigi na son gaskiya, in jini ba na gaske ba ne ido yakan gane. Ya ce zai ba da raguna biyu a madadin guda. Namadi ya ce Yelwa ba ta ƙirga raguna, guda ta sani. Baturen ya ce uku. Ka ga irin wahalar magana da mutumin da bai san Yelwa ba.

Sai gudu. Ba ya yiwuwa. An riga an ɗauki rabin labari da Maraya, don haka an sa ɗan doka yana gadinsa, ga kuma "na ba da" da aka faɗa gaban shaidu tana nan ba ta ruɓe ba.

Sai musaya. Namadi ya aro wani farin rago a bayan gari, ya shafe gabansa da baƙin tukunya, ya ɗaura shi a turke lokacin da ɗan doka ya zaga. Ya manta da gatan sabulu. Masu wanka suka zuba ruwa, rago ya koma fari tas yana kallon jama'a, Maraya kuwa ya leƙo daga bayan zana inda aka ɓoye shi, ya yi kuka don an ba wani harawarsa.

Sai aibi. Kowa ya san babban mutum ba ya yanka wa baƙo gurgun rago, abin kunya ne. Namadi ya ɗauko ƙaramin dutse zai cusa a kofaton Maraya. Ragon ya lashi hannunsa. Namadi ya jefar da dutsen, ya ce a'a, ɗingishi zan koya masa. Ya shiga gaba yana ɗingishi, yana waiwaye yana cewa, "Haka, Maraya, haka!" Ya yi ta yi safe da yamma. Rago bai koyi komai ba. Namadi kuwa ɗingishin ya kama shi sosai, har Mai Bututu ya yaba, ya ce bara mai ɗingishi ya fi ban tausayi, kada ya daina.

Mataki na 6: Hura kan mahauci

Yanzu ka shigo ilimi na gaske. Wuƙa a hannun Bube take. Bube mahauci ba ya jin roƙo, kunnensa ya saba da kukan akuya tun yana goye. Amma akwai wani mutum a cikin alkyabbar nan da ba a gama haifa ba, shi ne Galadima. Aikinka ka karɓi haihuwarsa.

Namadi ya daina jiran a juya akwati kafin ya yi barance. Da safe yakan tari Bube tun daga ƙofar gida, ya zube, ya ɗaga hannu: "Allah shi ja zamanin Galadima! Giwa mai tafiya da ƙasa!" In Bube ya yi tari, ya ce lafiya, toron giwa. In ya yi gyatsa, ya ce an gaishe ka. Ya bi shi kasuwa yana share masa hanya. Da wani ya ce, "Bube, yanko mani na miya," Namadi ya daka masa tsawa har hularsa ta faɗi: "Wa kaka kira Bube? Ba ka da ido?"

Da farko Bube dariya yake yi. Sannan ya rage dariya. Sannan ya fara tafiya a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa don a matso a ji. Ya daina cire rawani in an tashi daga aiki. Rannan wasu mata biyu suka kawo masa rigimar ƙwarya, da wasa, ya zauna ya raba musu gardama da gaske, har aka ce hukuncin ya yi ma'ana. Ya dubi Namadi ya ce, "Kai bara, ashe wahalar jama'a haka take?"

Namadi ya ce, "Sai irinku, ranka shi daɗe."

Hikima ta uku: rawani ba a kai kaɗai yake zama ba, a hankali yakan sauka cikin ƙwaƙwalwa.

Mataki na 7: Zuba kanwa a ruwan wanke ƙafa

Cikin ayyukan bara a majigin nan akwai wanke ƙafafun Galadima a ƙwarya, kuma da yake Mai Bututu ba ya ƙoshi, kullum sai an sake. Namadi ya riƙa jiƙa kanwa a ruwan, ya wanke ƙafa ya bar ta ta bushe ba gogewa. Kowa ya san tumaki da kanwa, sai dai a raba su da sanda.

Ba a daɗe ba Maraya ya gano cewa duk Tambuwal ba abin da ya kai ƙafar Galadima daɗi. Da an sassauta igiya sai ya nufe ta ya hau lasa. Bube yana jin cakulkuli yana daurewa, don babban mutum ba ya dariya gaban talakawa. Ya ce, "Dabbar ga ta san girma."

Me ya sa ƙafa? Haba, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Mai laifi ko an ɗaga masa takobi, in ya kuɓuce ya kama ƙafar babban mutum gaban jama'a, an gama. Ba a janye shi, ba a taɓa shi. Babban da ya bari aka cire mai neman tsari daga ƙafarsa, to ya cire rawaninsa tare. Mahauci bai san wannan doka ba. Galadima ya san ta.

Mataki na 8: Saki igiya

Ranar yanka gari ya cika gidan, har kan katanga, don an ji za a raba nama. An zaunar da mai fitowa a baƙo a buzu yana shafa ciki. Bube ya fito cikin alkyabba, ya zaro wuƙarsa ta gado, ya wasa ta a tafin hannu. Namadi ya ga yadda ya wasa ta, ya gane wannan wasawa ba ta Galadima ba ce.

Mai Bututu ya ba da umarni, akwati ya fara ƙara. Namadi ya taho da ɗingishinsa yana jan Maraya. Da ya rage kaɗan, ya buɗe hannu.

Rago ya tafi kai tsaye kamar an aike shi. Ya cusa kai ƙarƙashin alkyabba, baƙin rabinsa ya ɓace, farin rabin ya rage a waje wutsiya na rawa. Sai wata tsohuwa daga kan katanga ta rangaɗa guɗa ta ce, "La ilaha illallahu! Ya kama ƙafa!"

Magana ta zaga gidan. "Ya kama ƙafa! Rago ya kama ƙafa!"

Mai Bututu ya yi ihu a jawo shi waje. Bube ya tsaya, wuƙa a sama. Ana ganin mutum biyu suna kokawa a fuska ɗaya. Idonsa ya sauka a kan farar cinyar nan mai kitse, ya haɗiye yawu. Hannunsa na hagu ya fara sauka zai kamo ƙaho, yadda ya saba tun yana yaro. Mahauci na neman kayar da Galadima.

A nan, mai karatu, dabara ta ƙare. Abin da ya biyo baya ba ya cikin shiri, kuma ban san yadda ake koyar da shi ba. Namadi ya manta da akwati, ya manta da kyan hancinsa, ya manta ma da ɗingishi. Ya ruga ya zube ya rungume ɗaya ƙafar, ya fashe da kuka irin na yaron da ya ɓata a kasuwa, hawaye da majina har gemu.

"Ranka shi daɗe, yanka ni ka bar shi! Wallahi ba nawa ba na. Macce tat tashe shi da yatsanta, ba ta da ɗa sai shi. Ni na yi mata ƙarya don a ga fuskata. In an yanka shi ba ni da idon da zan dube ta!"

Ga rago a ƙafar dama yana lasa, ga mutum a ta hagu yana kuka, ga Tambuwal a kan katanga tana jira. Bube ya dube su duka. Ya ja dogon numfashi, tumbi ya tashi ya sauka. Ya mayar da wuƙa kube, ya dafa kan Namadi da hannu ɗaya, ya dafa bayan rago da ɗayan, kuma wannan karo bai auna komai ba.

"Tashi, bara. An ba ku."

"Sake!" in ji bututu. "Sake! Sake!"

Bube ya juya a hankali ya ce wa Malam Tambaya, "Gaya ma Bature, gidan ga ba a sake hukunci."

Gida ya ɗauka da kabbara. Mai Bututu ya dubi jama'a, ya dubi ɗan doka, ya ga shi ma yana share ido da hularsa. Ya tambayi mai juya akwati ko ya ɗauka, shi kuwa ya ce tun ɗazu hannunsa bai tsaya ba. Baturen ya sauke bututu, ya yi magana da bakinsa a karon farko, ashe muryarsa 'yar ƙarama ce. Ya ce to baƙon me zai ci? Aka ce tuwo da miyar kuka, kamar kowa a shekarar yunwa. Haka aka ɗauka. Tarihi ya yi haƙuri.

Mataki na 9: Koma gida ka ja bakinka

Namadi ya isa Fakku da rago a gaba. Yelwa ta karɓi igiya, ta duba kunne, ta duba haƙori, ta ƙirga ƙafafu, ta shinshina sabulu. Ta ce, "Dusa kaɗai?" Ya ce, "Dusa kaɗai." Amma daga ranar ba ta ƙara barinsa ya riƙe igiyar ba ko zuwa rijiya.

Da magana ta mutu nan. Sai dai wannan jagora tana da rami guda, shi ne majigi yawo yake yi.

Bayan kaka motar majigi ta iso Kebbe, aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Yelwa ta ce sai Maraya ya je ya ga kansa. Namadi ya ce ƙafarsa na ciwo, ta ce ai ta ga ya iya tafiya da ɗingishi. Bayan magariba aka zauna, maza gefe, mata gefe, su biyu a bakin iyaka, rago a tsakaninsu. Hoton ba ya magana, don haka Malam Tambaya ne ke tsaye da bututu yana ba da labari.

Aka ga Galadima na cin tuwo, aka yi dariya. Aka ga Maraya da lalle, Yelwa ta gyara zama tana duban mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan wuƙa ta fito, tsawonta a ƙyalle ya kai tabarya.

Yelwa ba ta yi ihu ba. Da hannu ɗaya ta rufe idon Maraya da mayafinta. Da ɗayan ta miƙa ta saman rago ta kama kunnen Namadi na hagu, ta murɗa.

"Dusa kaɗai, Malam?"

A ƙyalle kuwa ga Namadi can ya zube, fuskar da ya so duniya ta gani ta cika fili, baki a wage, majina kamar igiyar guga. Kebbe ta kwashe da dariya. Malam Tambaya kuwa, da yake yana wurin ranar, bai manta da abin da aka faɗa ba. Ya sa bututu ya faɗa wa kasuwa duka: "Bara shina cewa, yanka ni ka bar shi! Macce tat tashe shi da yatsanta, ba ta da ɗa sai shi. In an yanka shi ba ni da idon da zan dube ta!"

Dariya ta ragu. Namadi ya so ƙasa ta tsage. Ya ji yatsun da ke kunnensa sun sassauta, sannan sun sake shi. Bai yarda ya waiwaya ba sai da aka kashe hoto mutane suka fara tashi. Ya ga mayafin da aka rufe idon rago da shi yanzu a fuskar mai shi yake.

Ta ja hanci ta ce, "In za ka ƙara kuka gaban jama'a, Malam, ka riƙa share majina."

Ya ce, "To."

Ta miƙe ta karkaɗe zani. Ta miƙa masa igiya.

"Riƙe ɗanka, mu tafi gida."

Gargaɗi da wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, a duk abin da zai same ka. In ragonka ba ya son kanwa, tsakaninku. In mahaucinku ba ya jin kirari, ka kuka da kanka. Kada masu zakarun Tambuwal su zo mini, ban ci ko fiffike ba. Kada iyalan Bube su neme ni don ya ƙi cire rawani, yana zaune a rumfar fawa awaki na ratsawa ta gabansa yana cewa an ba ku. Wanda ya je neman tarihin Galadima Ɗangiwa a majigi ya samo miyar kuka, shi ya aiki kansa. Na yi alkawarin wuyan rago, ban yi na kunnen miji ba. Na Namadi na hagu har gobe ya fi na dama tsawo, yana nan Fakku, je ka gani da idonka. Za ka same shi a bakin rijiya da igiya a hannu, in ka tambaye shi zai ce maka ko kaɗan bai yi zafi ba.